Akushi Ɗaya a Masaukin Gwandu

Na yi kwana uku a Gwandu a tsakiyar abinci ina mutuwa da yunwa, kuma ba wanda ya hana ni ci. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni.

Lokacin ina saurayi, ba a daɗe da zuwan Nasara ba, muna zaune a rugarmu kusa da Dangoma, a ƙasar Kalgo. Ina neman wata yarinya da aure, ita ma tana so na, magabatana sun je tambaya, amma mahaifinta ya ce a dakata zai yi shawara. Tsohon nan kowa ya san shi da riƙon fulaku, kunyar nan tamu ta Fulani. Ya taɓa korar wani manemin yayarta don kawai an gan shi yana shan rake a kasuwar Kalgo. A wurinmu namiji ba ya ci a kasuwa, ba ya ci a gaban suruki, ko ruwa zai sha sai ya juya baya. To, ana cikin jiran nan sai tsohon ya aiko wai in raka shi Gwandu, zai kai bijimai biyu ya sayar, ya kuma yi ziyara. Kowa ya gane awo ne za a yi mini.

A hanya ba mu sha wuya ba, don daji yana da faɗi. Kowa da goransa na fura. In ya ce bari ya kewaya, ni ma sai in ce bari in duba ƙafar bijimi, kowa ya sami bayan kalgonsa ya sha, mu dawo muna goge baki kamar ba a yi komai ba. Furar ta ƙare daidai da shigarmu gari, ga shi sauran kwana uku kasuwa ta ci.

Muka sauka gidan wani fatoma, irin masu saukar da baƙi su kuma sayar musu da dabbobi. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Ya ba mu ɗaki ɗaya a zaure na biyu, ya ce mun yi sa'a, duk Gwandu ba masaukin da ya fi nasa zama wuri mai kyau: ga masallaci, ga kasuwa, ga masu abinci. Bai yi ƙarya ba. Bango ɗaya ne tsakaninmu da layin masu tuya. Da safe ƙamshin masa da man shanu, da hantsi hoce da miyar kifi, da la'asar tsire da balangu. Tagar ɗakin ba ta fi tafin hannu ba, amma ba ƙamshin da ya taɓa ɓata hanya.

Kuskuren farko na fatoma ne. Ya dube mu ya ce, “Baffa, wanga ɗanka na? Kamarku ta yi yawa!” Tsohon ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Wa zai buɗe baki ya ce ɗiyarsa nake nema? Shi ke nan fatoma ya ɗauke mu uba da ɗa, ya shiga gida ya fito da akushi ɗaya, tuwon shinkafa da miyar taushe, ga zabuwa kwance a kai.

“Mun ƙoshi,” in ji tsohon.

“Mun ƙoshi,” in ji ni, da muryar da ba tawa ba.

Na fita don in ba shi wuri ya ci. Na daɗe ina zagaya turke, na dawo na tarar da tuwo yadda yake. Shi ma ya fita, ya bar ni da akushi. Na buɗe, na duba, na miƙa hannu, sai na gane abin da ya hana shi. Malmala ɗaya ce sumul, duk inda ka yanka sai ta tona asiri. In ya dawo ya ga gurbi, ya san wanda ya yi shi. Na mayar da faifai na rufe, hawaye na neman zubo mini.

Matar fatoma da ta ga akushi ya koma mata cike sai ta ɗauka raini ne. Kashegari ta aiko da dambun nama da funkaso. Muka ƙoshi. Da yamma ta aiko da farfesun kan rago. Muka ƙoshi. Fatoma ya tsaya bakin ƙofa yana tafa hannu. “Ku mi kuka ci a garinku? Iska?”

Don ya faranta mana rai sai ya ɗauke mu yawon ganin gari. Ya kai mu hubbare muka yi ziyara, a nan kam na natsu na yi addu'a, har da roƙon Allah Ya sa cikina ya yi shiru, don tun sallar asuba yake kuka kamar kwaɗo a fadama. Ya nuna mana ganuwa, ya kai mu marina, ya kai mu wurin masaƙa. Mutane sukan tambaye ni yadda Gwandu take a zamanin nan, ni kuwa abin da na riƙe kaɗan ne. Na tuna curin baba a bakin marina ya yi mini kama da dawon fura. Na tuna kuma na tsaya ina kallon bijiman tsohon suna cin harawa, na ji ƙyashi, har na tsinci ƙwayar wake biyu a ciki na jefa baki. Tsohon kuwa yana tafe a miƙe da sandarsa, asawaki a baki, kamar wanda ya tashi daga walima. Na tsane shi a ranar, Allah Ya gafarta mini.

Rana ta uku da hantsi na ga gari yana juyawa. Na ce wa kaina aure dai ba a ɗaura shi da gawa. Tsohon ya riga ya fita, wai zai gaida wani malami. Na ja rawani na rufe fuska sai idanu, na bi ta bayan gida na zagaya wurin wata dattijuwa mai masa. Na tsaya ina kallon tanda. Ta dube ni sau ɗaya ta yi dariya.

“Bahillace na ko? Zagaya baya, akwai zana. Don irinku nay yi ta.”

Ashe matar nan ta daɗe da sanin ciwonmu. Ta kafa ɗan shinge na zana a bayan rumfarta, inda masu kunya ke shiga su ci ba mai ganinsu. Ta cika mini ƙwarya da masa, ta kwarara miya da man shanu. Na shiga a duƙe. Akwai wani a ciki, ya juya baya, ya rufe kai da mayafi, yana ta aiki. Ban kula shi ba, na juya masa nawa bayan, na fuskanci zana. Masa ta farko ban san na tauna ta ba. Ta biyu na ji kunnuwana sun buɗe. Ina kan ta shida, miya har gwiwar hannu, sai idona ya faɗa kan ƙafar maƙwabcina. Babban yatsan ba farce, inda saniya ta taɓa taka shi. Kwana biyu na yi ina bin ƙafar nan a hanya.

Na daina tauna. Shi ma na ji taunarsa ta tsaya, don sandata tana jingine inda zai gan ta. Na ce shi ke nan, wanda ya sha rake ma an kore shi, balle ni da aka kama da ƙwarya a cinya. Na tuna yarinyar nan, na ji zuciyata ta karye.

Can sai ya yi gyaran murya, ya yi magana yana kallon zana.

“Bawan Allah, ban san ka ba, kai ma ba ka san ni ba. Miƙo man yajin ga.”

Na miƙa masa ta baya, ban waiwaya ba. Muka ci gaba. Ya ƙara ƙwarya, na ƙara. Ya riga ni fita, na ba shi rata, na bi wata hanya. Da na isa masauki na tarar da shi zaune yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambaye ni lafiyar bijimai, na ce suna lafiya. Sai ga fatoma da akushi. Muka haɗa baki muka ce mun ƙoshi, karon farko ke nan da muka faɗa masa gaskiya. Ya ɗauke akushinsa yana cewa shekara da shekaru yana saukar baƙi, bai taɓa saukar da waliyyai ba sai bana.

Aka sayar da bijimai muka kamo hanya. Har muka iso Kalgo bai ce mini uffan a kan maganar ba. Bayan kwana huɗu ya kira baffana. Abin da ya gaya masa ke nan: “Kwana ukku muna Gwandu, abinci ko'ina, ban ga yaron ga ya kai komi bakinai ba. Na ba shi.” Ai kuwa bai gani ba, don bai waiwaya ba.

Shekara goma sha wani abu muka yi ina surukinsa, ban ci a gabansa ba, bai ci a gabana ba, ba mu taɓa ambaton masa ba. Matata ma ba ta sani ba. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya daina cin abinci, 'ya'yansa suka yi lallashi har suka gaji. Na tafi Kalgo ranar kasuwa na sayo masa mai zafi, na ce kowa ya fita daga bukkar. Na ajiye ƙwarya kusa da hannunsa, na zauna na juya masa baya. Na ce, “Bawan Allah, ban san ka ba, kai ma ba ka san ni ba.”

Na ji gadon kara yana motsi, yana dariya ba sauti. Ya ci biyu. Sannan ya ce, “Ina yajin?”