Ɗigo da Waƙafi a Gonar Kawu

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina rubuta manhaja a Bagudo, ba zan manta da ranar da ɗan ɗigo guda ya kusa cinye shinkafar kawuna ba.

Mu 'yan kaɗan ne muka haɗu muna gina manhajar da ke kunna injin ban ruwa, ta kuma kashe shi da kanta. Manomi zai turo saƙon tes ta waya ya ce awa kaza, ita ta yi sauran. Buɗaɗɗiya ce, kowa na iya dubawa ya kawo gyara. Kawu ne ya fara yarda aka ɗaura ta a fadamarsa ta Kaoje, shi ma don kunyar mahaifiyata. Bai daɗe da dasa shinkafar rani ba, kuma ita ce abincin gidansa.

Tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya. Sai na haɗa mana mai gadi: duk wanda ya turo gyara, kafin a karɓa, wata na'ura a intanet za ta gwada manhajar gaba ɗaya. In lafiya ta nuna kore, in da matsala ta nuna ja. Na sha wuya kafin ya fara aiki, don ina tsakiyar aiki wayata kan tsallaka ta kama layin ƙasar Benin. A cikin gwajin na zuba saƙonnin kawu, yadda yake rubuta su.

Wanda mai gadin ya fara tarewa kuwa aminina ne, wani Badendi da ke tsallaken iyaka, wanda ya yi boko da Faransanci kuma ya fi mu duka iya aikin. Ya turo gyara, ja ta fito. Nan take ya kira ni.

"Kai, wagga na'ura taka ba ta da kunya! Abin ga shina aiki lahiya lau wurina."

Na ce, "Malam, ni ma ban san mi ta gani ba. Mu duba."

Gaskiya na so in danne jar in karɓa, don ina jin nauyinsa. Allah ya sa muka duba. Ashe su can da waƙafi suke rubuta biyu da rabi, 2,5, mu kuma da ɗigo, 2.5. Shi ɗigo a wurinsa ado ne na raba dubbai, sai gyaransa ya share shi. Awa biyu da rabi na kawu ya koma ashirin da biyar. Da gyaran ya wuce, da injin ya yi ta zuba ruwa har dashen ya nutse.

Aminina ya fashe da dariya. "Subhanallahi! Da na kashe ma tsoho gona da hannuna. Bar ta, ta hi mu gaskiya."

Kafin la'asar ya gyara, manhajar ta koyi karanta rubutun ƙasashen biyu, kore ta fito. Daɗin da na ji ranar har yau ina jin sa.

Kawu bai taɓa sanin an yi haka ba. Da aka yi girbi ya aiko da shinkafa, aminina ya tsallako muka ci tuwonta tare, ina tsokanarsa da Malam Waƙafi.

Abin da na koya shi ne, mutum na iya zama gwani, yana da gaskiya a garinsu, amma gaskiyar tasa ta tsaya a bakin iyaka. Shi ya sa har yau ba na karɓar "yana aiki a wurina" daga bakin kowa, har da nawa, sai an gwada shi da rubutun mai gonar.