Kan Gwamnan da Ke Danne Mana Cuku

Kakana Filotas masassaƙin dutse ne a wani ƙaramin gari na lardin Makidoniya. Matarsa, kakata Nikaya, ita ta ba ni labarinsa, kuma ban ƙara gishiri ba.

Duk shekara Rum kan naɗo sabon gwamna, kuma dole gari ya kafa masa mutum-mutumi a dandali. Kakana ya sassaƙa gangar jiki ɗaya tak, ya bar rami a wuya. In an yi sabo, sai ya cire kan tsohon, ya sassaƙa wani daga zanen da aka aiko. Tsofaffin kawunan gida suke dawowa, Kaka tana danne cuku da su.

Gwamna bai taɓa taka garinmu ba. Yakan wakilta mataimakinsa, mataimakin ya wakilta wani jami'i, jami'in ya turo wanda ya ga dama.

Wata shekara wa'adin gwamna ya cika, Kakana ya cire kansa kamar kullum. Garin ɗora shi a kan cuku ya suɓuce, hancin ya gutsure. Sai ga saƙo: majalisar Rum ta ƙara wa gwamnan shekara, kuma jibi wakili zai zo duba mutum-mutumin, da dogarai masu ɗauke da damin sanduna.

"Na shiga uku, Nikaya! Gwamna ba hanci? Bayana zai biya."

"Haba maigida, ga kawuna goma sha ɗaya a zaune. Ɗauki ɗaya."

"Ba su kama da shi!"

"Kai ka taɓa ganinsa? To wa ya taɓa? Ɗauki mai sanƙon can, dama bai da nauyi, cuku ba ya jin sa."

Ya wanke mai sanƙo da ruwan tsami, ya dasa shi.

Wakili ya iso, dogarai suka jingine sanduna. Ya zagaya dutsen sau biyu, ya tsaya. Ashe shi ma iyakarsa ƙofar jami'i, bai taɓa ganin gwamna ba.

"Shi ne sak," in ji shi. "Dubi goshin nan. Mulki!"

Ya rubuta wa jami'i, jami'i ya rubuta wa mataimaki. Bayan wata huɗu takardar yabo ta sauko da hatimin gwamna, wai kamannin sun faranta masa rai.

Daga ranar Kakana bai sake sassaƙa kai ba, juya su kawai yake yi har ya rasu. Mai gutsurarren hancin yana wurina. A cikinsu duka, shi ya fi matse ruwan cuku.