Shehun da ke Bangon Zaurenmu

Hoton ya fi shekara ashirin a bangon zaurenmu a Gumel. Wani farin tsoho ne mai dogon gemu, ya lulluɓe kansa da farar alkyabba, idanunsa a ƙasa. Baba ya sayo shi a kasuwar Maigatari, wajen wani mutumin Damagaram mai baza hotunan shehunai a tabarma, wanda ya ce masa waliyyi ne daga ƙasar Maroko. Akwai ɗan rubutu a ƙasan hoton da ba wanda ya iya karantawa, muka ɗauka salon rubutun mutanen can ne. Shehu kawai muke ce masa.

Inna ta rasu, abokan Baba na kasuwar hatsi suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, zauren ya zama daga Baba sai Shehu. Ni ina koyarwa a Sule Tankarkar, sai Juma'a da yamma nake zuwa. Nakan tarar da shi a kan buzunsa da carbi, yana ba hoton labari: damina ta makara, gwiwa ta hana shi zuwa masallaci. Ba roƙonsa yake yi ba, Baba ya san Ubangijinsa. Hira ce kawai. In na yi masa tsiya sai ya ce, "Shi dai ba ya latsa waya in ina magana."

Wata Asabar na zo da abokin aikina, Kirista mutumin Filato, don ya gai da Baba. Ya taɓa zuwa ziyara Ƙudus da 'yan cocinsu. Na lura yana ta satar kallon bango. Sai da na raka shi bakin titi ya ce, "Malam, ka san wane ne wancan? Babban malamin Yahudawa ne. A can hotonsa na cikin shaguna da motocin haya."

Ya ba ni labarin da ya jiyo game da tsohon. An haife shi a bakin hamadar Maroko, a gidan malamai. Yawancin kwanakinsa azumi yake yi, ba ya yawan magana, ba ya ɗaga ido ya kalli abin duniya. Mutane kan yi layi da kwalaben ruwa ya yi musu addu'a a ciki, har Musulmin garinsu suna girmama shi. Da girma ya kama shi ya yi ƙaura, ya rasu nesa da inda aka binne cibiyarsa. Abokina ya roƙe ni kada in faɗa wa Baba. Shi da yake baƙo ya fi ni hankali.

Sati biyu na riƙe maganar. Sai muka sake tayar da tsohuwar rigimarmu: ina so Baba ya koma wurin ƙanwata a Gagarawa, inda akwai jikoki da mai dafa masa abinci. Ya ce ba inda za shi, shi da Shehu sun ishi juna. Ni kuwa ga saurin fushi, ga son a ce na sani.

"Baba, Shehun nan naka fa Bayahude ne."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Yana azumi?"

Na zayyana masa duk abin da na ji, muryata tana raguwa. Da na kai wurin ƙaura sai ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, shi ma ya san kewa. Allah ne Ya san bayinSa." Can kuma ya ce, "To in liman ya ji, me zan ce masa? Sauko da shi."

Na sauko da shi. Da kansa ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya naɗe shi da zanen Inna, ya sa a akwati. Ya ce ba a wulaƙanta tsoho.

Bai koma Gagarawa ba. Juma'ar da ta biyo na same shi a kan buzu, ya fuskanci bango, ba komai sai ƙusa da shatin inda hoton ya zauna. Gaisuwa kawai muka yi. Na ce in mayar da hoton bango, ba wanda zai sani.

Ya ce, "Ni na sani. Kunyarsa nake ji. Shekara ashirin ina cika masa kunne da damuwata, ban taɓa tambayar ko shi wane ne ba."

Magana zarar bunu ce. Na yi nadamar da ban taɓa yin irinta ba, kuma ban iya ba shi haƙuri ba. Na ajiye waya, na riƙa ja masa hira, amma kwana biyu ne nawa a sati, sauran biyar shi kaɗai ne da bango.

Baba bai ga daminar gaba ba. Yanzu ni ke zama a zauren, kuma ba mai shigowa sosai. Wani lokaci nakan buɗe akwatin, in warware zanen Inna, in kalli tsohon da idanunsa ke ƙasa, in ce masa Baba ya tafi. Har yau ban iya mayar da shi bango ba, ban kuma iya cire ƙusar ba.