Ido Ba Ya Auna Maganin Jariri

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Luba. Ta yi aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Dundaye fiye da rabin rayuwarta, kuma har yau in na bi ta garin ba na rasa tsohuwar da za ta tsayar da ni ta tambaya ko ni ne ƙanen mai sikeli. Sunan da suka laƙaba mata ke nan, kuma da farko ba don yabo ba ne.

Dalili kuwa, Luba ba ta ba yaro magani sai ta ɗora shi a kan sikeli. Uwa za ta zo da goyo jikinsa zafi rau, ga layi, ga aikin gona yana jira, amma ta ce sai an kwance shi an auna. In aka ce mata ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai ta ce wannan a kasuwar hatsi ne. Takan ce jarirai biyu sa'annin juna, wani ya ɗara wani nauyi nesa ba kusa ba, to ta yaya awo ɗaya zai yi musu daidai? Ni kaina na sha yi mata dariya, ina ganin tsanani ne kawai irin na ma'aikatan asibiti.

Na daina dariyar ne a kan ɗiyata Hafsatu, tana da wata takwas, lokacin muna zaune a Gidan Igwai. Zazzaɓi da mura suka kama ta. Na biya kemis na sayo farasitamol na ruwa da maganin mura. Ni da uwarta Rabi muka riƙa ba ta irin awon da aka taɓa rubuta wa yayarta mai shekara huɗu, da cokalin cin abinci, kuma duk lokacin da zafin ya dawo sai mu ƙara. Haka muka yi kwana biyu.

A rana ta uku da hantsi Luba ta kawo mana gero daga gona. Ta tarar da yarinyar ta yi laushi, tana amai, ta ƙi nono.

"Mi kunka ba ta, kuma sau nawa?"

Na faɗa mata. Ta juya kwalaben biyu ta karanta bayansu, ta nuna mini da yatsa: maganin murar ma akwai farasitamol a cikinsa.

"Magani guda kunka yi ta ba ta da suna biyu. Tashi ka nemo mota."

A asibiti aka auna nauyinta, aka ɗebi jini, likita ya ce maganin ya fara taɓa hanta. Mun yi kwanaki ana yi mata ƙarin ruwa da allurai, ina zaune a baranda ban san ko zan koma gida da ita ba. Allah ya tashi kafaɗunta. Luba ba ta yi mana faɗa ba ko sau ɗaya a kwanakin nan. Sai ranar sallama ta ba Rabi sirinji marar allura, ta koya mata jan magani zuwa layin da likita ya ce. Ni kuma ta dube ni ta ce, "Bello, kai malami ne, kullum kana duba takardun ɗiyan mutane, amma ba ka duba jikin kwalba ba."

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ga zamanin nan. Na san za ta ji daɗin yadda kwalabe da yawa ke zuwa da ɗan kofin awo ko sirinji. Amma ina ganin matasan iyaye suna jefa tambaya a guruf ɗin waya, wani da bai taɓa ganin yaron ba ya ce a ba shi rabin cokali. Har yanzu ana ɓantarar ƙwayar manya a dama wa jinjiri. An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya tambayi wanda ya san hanya.

Luba ba ta haihu ba, ba ta bar wata dukiya ba. Hafsatu tana sakandare yanzu, ba ta tuna fuskarta sai a hoto. Amma a watan jiya wata maƙwabciyarmu ta shigo da goyonta da kwalba a hannu, tana tambayar Rabi nawa za ta ba shi. Rabi ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi kintace ba. Ta bar tukunya a kan wuta, ta zura hijabi, ta raka ta asibiti. Matar ba ta taɓa jin sunan yayata ba, kuma yaronta yana nan yana rarrafe a tsakar gidanmu.

Allah ya jiƙan Luba, ya saka mata da abin da ba mu iya saka mata ba.