Sukudireban Kawu Bitrus

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu Bitrus, ƙanin mahaifiyata, kuma har yau in na bi ta gaban injin casar shinkafar da ke bayan kasuwar Mubi sai na sunkuyar da kai.

Shi ya kula da injin nan sama da shekara ashirin. Bai yi boko ba. Abin gwajinsa sukudireba ne dogo: ya ɗora tsinin a gidan boris, inda sandar injin ke juyawa, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. In ya ɗago ya ce boris ya kusa mutuwa, to ya kusa. Shi ya ɗauki nauyin karatuna har na dawo gida da takardar injiniya, da 'yar na'urar auna girgizar inji a jaka, da girman kai kamar zan fashe.

Wata kaka, manoman garuruwan Gella da Uba sun jera buhuna har bakin titi, Kawu ya ce a tsai da injin kwana biyu a canza boris. Alhaji mai injin bai so ba, sai ya aika a kira ni. Na zo da sassafe, aka tayar da injin yana sanyi, ba ko ƙwayar shinkafa a cikinsa. Na manna na'ura, lamba ta nuna lafiya lau.

Kawu ya ce, "Injiniya, bari ya ɗau zafi, a zuba masa kaya tukuna. Da safe ba ya kuka."

Na yi dariya a gaban leburori. Na ce, "Kawu, kunne yana tsufa, na'ura ba ta tsufa. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Ya goge sukudirebansa da gefen riga ya sa a aljihu. A makon nan Alhaji ya ce masa ya je ya huta haka nan. Ba a yi mako biyu ba boris ya cije, sandar injin ta lanƙwashe, aka rufe wurin har kaka ta wuce. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. A littafina na makaranta, da rubutun hannuna, akwai cewa ana auna inji ne in ya yi zafi yana ɗauke da kaya. Kawu ya san wannan ba tare da littafi ba.

Kunya ta hana ni zuwa ba shi haƙuri. Mukan haɗu a biki da zaman makoki, in durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Injiniya, yaya na'ura?" in yi yaƙe. Shekara shida ina cewa gobe. Sai ga ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, kowa ya kama daji. Kawu ya kai kan iyaka da ƙafa, can ciwo ya kwantar da shi, can aka binne shi. Da na sani ƙeya ce.

Yau akwai na'urorin da ake liƙa wa inji su riƙa aiko da rahoton girgizarsa ta waya. Da Kawu ya gani, na san ba zai raina ba, don bai taɓa raina tawa ba. Tambaya ɗaya zai yi: an bar shi ya ɗau zafi?

Bayan an dawo gari, 'yarsa Rifkatu ta kawo mini sukudireban a naɗe cikin tsumma. Ta ce, "Baba ya ce a ba ka. Ya ce kunnenka lafiya lau, haƙuri ne ba ka koya ba."

Yana cikin jakata, kusa da na'urar. Duk injin da aka kira ni in duba, nakan zauna in jira ya yi zafi, ko mai shi na tsaki. Jiran ba ya wuce minti ashirin. Mintunan nan ne Kawu ya roƙe ni na hana shi.