Sun sa Inna cikin littafin harbi

Ku ji abin da na tarar a asibiti yau.

Na kai Inna ganin likita, sai ga wata mata tana bin masu ciwon daji, tana duba ko an rubuta kowa a rajista. Ta ce da sunayen nan za a tura mutane babban asibiti.

Ta duba, babu Inna. Wata biyar muna zarya daga Zurmi!

Na wuce wajen malamin kati. Ya ce, “Hajiya, ku dawo Litinin.”

Na ce, “Ba inda za ni. Buɗe littafinka.”

Ashe ran da munka fara zuwa ya tambayi Inna mi ya kawo ta, ta ce, “Ɗana, daji ne.” Da ya ji Zurmi, sai ya zaci harin ’yan daji take nufi, ya sa ta cikin waɗanda ’yan bindiga sunka raunata.

Na ce, “Malam, harsashi ka gani a nononta?”

Inna ta ce, “Rabi, ji kunya mana.”

Ban ji ba. Ina tsaye kansa ya rubuta ta cikin masu ciwon daji, na sa ya karanto mani sunan da ƙarfi.