Daga Karshi Zuwa Gwarimpa da Jimla Ɗaya a Baki

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asubar Talata muka tsaya a ƙofar gidana a Karshi mu uku: ni, da matata Hajara, da maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, wadda ke koyarwa a wata firamare a Karu. Ni kafinta ne, shekarata ashirin da biyu a sana'ar. Wata Bayarabiya mai makarantar kuɗi a Gwarimpa ce ta aiko a kira ni, tana son kujeru da teburan aji huɗu. Ba ta jin Hausa, ni kuma Turancina na firamare ne. Shagona wata uku babu aikin kirki, saboda haka wannan bai kamata ya kuɓuce mini ba.

Hajara ta miƙo mini jakar tef da littafin awo, ta ce, "Malama, ki gaya masa gaskiya a hanya. Ni ba ya jin tawa."

Karshi zuwa Karu

Ƙarfe shida daidai mota ta tashi. Ba mu kai Orozo ba Malama ta fara.

"Baban Sadiya, in matar nan ta yi magana ba ka gane ba, me za ka ce?"

"Yes ma."

"To shi ne ciwonka."

Na ce mata haka aka rene mu, babba ba ya magana sau biyu. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, in ka ce ya sake bayani sai ya tambaye ka ko a gida ka baro kunnuwanka. Ka amsa da to, in ka fita ka nemi wanda ya ji.

Ta ce, "Yau wa za ka nema a waje? Maigadi?" Mutanen mota suka kwashe da dariya.

Ta karɓi littafin awona ta rubuta a bangon baya: Could you say that again, please? Ta ce ma'anarsa don Allah a maimaita mini, kuma wajen masu Turanci ladabi ne, ba rashin kunya ba. Na ce a raba mini jimlar gida uku, don ni ba na ɗaukar abu a dunƙule. Na farko, could you. Na biyu, say that again. Na uku, please. Daga Kurudu zuwa Jikwoyi na faɗe ta sau goma sha ɗaya. Ƙarfe bakwai saura minti goma Malama ta sauka a Karu, ta leƙo ta taga ta ce, "Ban da sunkuyar da kai. Ka dube ta."

Nyanya zuwa cikin gari

Ƙarfe bakwai da minti goma na canja mota a Nyanya. Cunkoso ya riƙe mu tun daga gadar Nyanya har shingen sojoji da ke hawan Kugbo, awa ɗaya da kwata. Ban taɓa jin daɗin cunkoso ba sai ranar, don ya ba ni lokacin tilawa.

Can sai direban, mutumin kudu ne, ya juyo ya zubo mini Turancin buroka da sauri. Bakina har ya buɗe zai ce yes, na kame shi. Na jero jimlar gida uku.

Ya dube ni ta madubi ya ce da Hausarsa, "Kai Baba, wannan Turanci na ofis ne! Na ce ka sa jaka a cinya, mutum zai shiga."

Ya maimaita, kuma bai ji haushi ba! Na rungume jakar ina murmushi ni kaɗai, har na kusa da ni ya tambaya ko albishir aka yi mini.

Gwarimpa

Ƙarfe tara da minti biyar tasi ta sauke ni, na sha shayi da burodi a tsaye, na hau keke mai ƙafa uku zuwa makarantar. Tara da rabi aka shigar da ni. Matar ta girme ni nesa, ga tabarau, ga waya tana ta ƙara a hannunta. Na rusuna na gaishe ta. Ta kai ni wani aji ta shiga bayani ba numfashi, tana nuna nan tana nuna can. Rabi na kama, rabi ya wuce. Ta tsaya tana jiran amsa.

Tsohon halina ya taso, kaina har ya fara gyaɗawa. Na ɗago na dube ta na ce, "Could you say that again, please?"

Ta ƙura mini ido ta saman tabarau. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata rawata da tsalle. Sai ta ajiye wayar, ta yafito ni zuwa ɗakin ajiya, ta nuna mini tarin tebura dogaye, sun fi ƙarfin yara 'yan shekara biyar. Ta ƙanƙance murya ta ce, "Yes ma, yes ma, yes ma." Wannan kam na gane ba tafinta: aikin kafintan da ya riga ni ne.

Muka koma aji. Ta sake bayanin a hankali, ta riƙe mini bakin tef da hannunta, ina awo ina rubutawa. Sau huɗu na sake faɗin jimlar. A na huɗun ita ta ƙarasa mini please ɗin tana dariya. Ƙarfe sha ɗaya da kwata ta ce aikin aji huɗun nawa ne, in kawo tebur ɗaya samfur ranar Litinin.

Komawa gida

Na yi azahar a Nyanya, na isa Karshi ƙarfe uku saura kwata. Hajara na ganin fuskata ta rangaɗa guɗa tun ban yi magana ba. Na gode wa Allah, na gode wa Malama Rifkatu, na gode wa direban da ban san sunansa ba.

Roƙona gare ku, masu karatu, guda biyu ne. Na ɗaya, duk kafinta ko tela ko magini da zai shiga Abuja neman aiki, ya haddace jimlar nan kafin ya hau mota. Na biyu, wanda ya san inda ake sayar da busasshen katako mai kyau tsakanin Masaka da Karshi, don Allah ya aiko mini kafin Juma'a.